Tutar Iwo Jima: Sojan Ƙundumbala Na Amurka Da Finafinan Da Aka Yi A Kansu

Daga cikin rundunonin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya a sami wadda silima ta ɗaukaka sunanta kamar rundunar nan ta Amurka da masu ita ke kira Marin, wadda a Hausa aka saba ce wa sojan ƙundumbala. Aikinsu shi ne a ɗauke su cikin jiragen ruwa a kai su gaɓar abokan gaba, su dira cikin ruwa da bindigoginsu, su ƙwace wurin da sauran mayaƙa za su sa ƙafa daga baya. Tun 1775 aka kafa rundunar, tana kuwa ƙarƙashin ma'aikatar sojan ruwa, amma a da ƙarama ce ƙwarai. A 1939 mutanenta ba su cika 20,000 ba. Kafin a gama yaƙi a 1945 sun kai wajen 485,000, galibin faɗan da suka yi kuwa a tsibiran Tekun Fasifik ne, tsakaninsu da Jafanawa.

Malamin tarihi wanda ya ga almajiransa sun fi sanin wannan yaƙi ta hanyar fim bisa ga littafi, ya kamata ya san yadda aka yi finafinan, da wanda ya ba da kayan aikin, da abin da mai bayarwar ke nema. Gama rundunar nan ta gane tun da wuri cewa hoto ma makami ne, ta kuwa kāre kanta da shi daga masu son rushe ta a gida, har hoton ya yi ƙarfin da ya rufe mutanen da ke cikinsa. Babu inda wannan ya fito sarai kamar a al'amarin tsibirin Iwo Jima, amma kafin a kai can sai an taɓa abin da ya gabace shi.

Sa'ad da Jafan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, ta kuma auka wa wani ɗan tsibiri mai suna Wake, inda sojan ƙundumbala 'yan ɗaruruwa ke tsaro. Suka kori harin farko, suka yi ta daurewa har ran 23 ga Disamba, sa'an nan aka ci su. Ba a cika shekara ba, a watan Agusta 1942, kamfanin Paramount ya fitar da fim mai suna Wake Island. A cikin fim ɗin masu tsaron sun yi ta faɗa har aka kashe su duka, alhali kuwa a zahiri yawancinsu sun ba da kai ne, aka kwashe su zuwa sansanin fursunoni, suna can da ransu lokacin da mutanensu ke kallon mutuwarsu a gidajen silima. Guadalcanal Diary na 1943 shi ma ya bi wannan hanya: samari masu raha da barkwanci, kowa daga gari dabam, waɗanda idan harsashi ya sami ɗayansu sai ya faɗi a tsabtace, ba jini ba kururuwa. A wancan lokaci hukuma ba ta yarda a nuna gawar sojan Amurka ko a jarida ba. Sai a Satumba 1943 mujallar Life ta sami izinin buga hoton gawawwaki uku a bakin teku a Buna, cikin Niyu Gini.

Abin da ya sāke al'amarin shi ne yaƙin Tarawa. Ran 20 ga Nuwamba 1943 aka sauke sojan ƙundumbala a Betio, tsibirin da bai kai murabba'in mil ɗaya ba. Aka yi rashin sa'a ruwan teku bai cika yadda aka zata ba, ƙananan jiragen sauke soja suka maƙale a kan duwatsun murjani, dole mutane suka dira suka yi ta ratsa ruwa iya ƙirji, tafiyar ɗaruruwan yadi, bindiga mai ruwa na tsinke su. Cikin awa 76 aka kashe musu mutum wajen 1,000. Daga cikin fiye da 4,500 da ke tsaron tsibirin, Jafanawa 17 kaɗai suka rayu, da leburori 129 mutanen Koriya. Rundunar ta riga ta horar da nata masu ɗaukar hoto, sun kuwa sauka tare da mayaƙa. Ɗaya daga cikinsu, Saja Norman Hatch, ya sami ɗaukar abin da ba safai ake samu ba, watau Amurkawa na harbi da Jafanawa na gudu, duka cikin hoto guda. Da aka harhaɗa fim ɗin, With the Marines at Tarawa, wanda bai wuce minti 20 ba, sai aka ga akwai gawawwakin samarin Amurka suna yawo a kan ruwa sun kumbura, ba mai ikon sakinsa sai Shugaba Roosevelt da kansa. Ya nemi shawarar Robert Sherrod, ɗan jaridar da ya ga yaƙin da idonsa, shi kuwa ya ce a nuna, don mutanen gida su san abin da ake ciki. Aka nuna shi a Maris 1944, ya kuma sami lambar Oscar. Daga nan shugabannin rundunar suka tabbata cewa ko hoton asararsu riba ne a gare su, muddin dai su ne a ciki.

Tsibirin Farar Wuta

Ma'anar Iwo Jima da Jafananci tsibirin farar wuta, don ƙasarsa toka ce ta dutse mai aman wuta, baƙa ƙirin, tana wari, ƙafa kuwa nutsewa take yi a cikinta kamar an taka rumbun gero. A lokacin yaƙin girmansa murabba'in mil 8 ne kawai, yana da nisan mil 750 kudu da Tokiyo, a ƙarshensa na kudu kuwa akwai dutsen Suribachi mai tsawon ƙafa 550 da 'yan kai. Amurka na sonsa saboda filayen jirgin sama da ke kansa. Janar Kuribayashi Tadamichi, wanda aka ba tsaronsa da mutum wajen 21,000, ya taɓa zama a Amurka, ya san yawan masana'antunta, ya kuma san ba za a ci yaƙin ba. Saboda haka ya hana mutanensa irin rugawar nan ta a-mutu-ko-a-yi-rai da Jafanawa suka saba, ya sa suka haƙa ramummuka da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na wajen mil 11, nufinsa kowane taki ɗaya na ƙasar a saye shi da jini.

Aka sauka ran 19 ga Fabrairu 1945. Masu shiri sun zaci aikin 'yan kwanaki ne, sai ya ci kwana 36. Amurkawa wajen 6,800 suka mutu, aka raunata wajen 19,000. Jafanawan da aka kama da rai cikin yaƙin 'yan ɗari biyu da kaɗan ne.

Ran 23 ga Fabrairu, kwana na biyar, Laftanar Harold Schrier ya hau Suribachi da mutum 40. Wajen ƙarfe 10 da minti 20 na safe suka ɗaura wata 'yar ƙaramar tuta a jikin bututun ƙarfe da suka tsinta, suka kafa ta. Wannan tutar ce ta sa mayaƙan da ke ƙasa suka yi sowa, jiragen ruwa suka yi ta busa. Ministan sojan ruwa, James Forrestal, yana bakin gaɓa a lokacin, da ya hango ta sai ya ce wa Janar Holland Smith wannan tuta ta tabbatar da zaman rundunar har shekara 500 nan gaba. A lura da abin da ya fara zuwa bakin babban mutum irin wannan ana tsakiyar ɓarin wuta: makomar rundunar a Washington. Saja Louis Lowery ya ɗauki hoton kafa tutar farko, amma kaɗan ne suka san hotunansa.

Wajen tsakar rana aka aika da wata tuta babba, don a riƙa hango ta daga nesa, kuma kwamandan bataliyar na so ya ajiye ta farin ta zama tasu. Musanya ce kawai, ba wanda ya yi sowa. Joe Rosenthal, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na AP, wanda soja suka taɓa ƙin ɗauka saboda raunin idonsa, ya iso ƙwanƙolin dutsen a makare. Gajere ne, sai ya tara duwatsu ya hau, yana cikin gyara tsayuwa ya ga mutum shida sun ɗaga bututun, ya juya ya danna bai ko saita ido ba. Aka kai fim ɗinsa Guwam aka wanke, hoton ya fito a jaridun Amurka ran Lahadi 25 ga wata, shi kuwa bai gan shi ba tukuna. Da aka tambaye shi ko shirya mutanen ya yi, sai ya amsa da i, yana zaton ana nufin wani hoton da ya ɗauka daga baya, inda ya tara sojoji a gindin tuta suna ɗaga huluna. Daga wannan amsa aka sami jita-jitar da ta bi shi har ya mutu, wai hoton shiri ne. Abin da ya wanke shi fim ne mai launi wanda Saja Bill Genaust ya ɗauka yana tsaye kusa da shi, inda ake ganin tutar ta tashi gaba ɗaya ba tsayawa. Genaust bai ga fim ɗinsa ba. An kashe shi a bakin wani kogo ran 4 ga Maris, ba a kuwa sami gawarsa ba.

Babban abin lura game da hoton shi ne ba a ganin fuskar kowa sosai. Mutum shida ne sun ba da baya ko gefe, sun haɗa ƙarfi a kan abu guda. Wannan ne ya sa kowace uwa a Amurka ta iya ganin ɗanta a ciki, shi ne kuma tushen rikicin da ya biyo baya. Mai kallo kuma yakan ɗauka hoton nasara ne, alhali saura kwana 31 a gama, yawancin waɗanda za su mutu ba su mutu ba tukuna. Uku daga cikin mutum shidan ba su bar tsibirin ba: Saja Michael Strank da Kofur Harlon Block an kashe su ran 1 ga Maris, Franklin Sousley kuwa ran 21.

Gwamnati na bukatar kuɗi, mutane sun gaji da yaƙi. Roosevelt ya ba da umurni a kawo waɗanda suka ragu cikin hoton gida, su zaga ƙasa a yi neman rancen yaƙi na bakwai da su. Aka tambayi Rene Gagnon, ɗan saƙon da ya hau da babbar tutar, ya faɗi sunaye. Aka komo da shi, da John Bradley, ma'aikacin jiyya na sojan ruwa, da Ira Hayes, ɗan ƙabilar Pima ta Arizona, watau mutanen asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Aka yi ta yawo da su gari gari a Mayu da Yuni 1945, suna kafa tuta a filayen wasa. An nemi dala biliyan 14, aka sami fiye da 26. Hayes bai so tafiyar ba tun farko. Kiransa jarumi da ake yi, abokansa na kabari, ya dame shi, ya shiga shan giya, ba a gama zagayen ba aka mai da shi bataliyarsa. Akwai kuma abin da ke cinsa: ya san mutumin da ke gindin bututun Harlon Block ne, amma hukuma ta riga ta ba da sunan Henry Hansen, aka ce masa ya yi shiru. A 1946 ya tashi daga Arizona, yana tafiya yana roƙon masu mota, mil 1,300, har gonar mahaifin Block a Teksas, ya gaya masa. Aka yi bincike, a farkon 1947 rundunar ta gyara sunan. Wannan ne gyara na farko.

Yaƙin Washington

Da aka gama da Jafan sai rundunar ta sami kanta cikin wani faɗa dabam. Shugaba Truman tsohon hafsan igwa ne na sojan ƙasa, yana so a haɗe rundunonin ƙasar a ƙarƙashin ma'aikata guda don a rage ɓarnar kuɗi. Manyan sojan ƙasa, har da Janar Eisenhower, suna ganin babu dalilin a riƙe rundunar ƙasa ta biyu, a rage 'yan ƙundumbala su koma ƙananan ƙungiyoyi marasa manyan makamai. Ga kuma bom ɗin atom, wanda ya sa mutane da yawa suka ce zamanin tara jirage a bakin gaɓa ya wuce. A Mayu 1946 kwamandan rundunar, Janar Alexander Vandegrift, ya tsaya gaban kwamitin Majalisar Dattawa ya ce su ba su saba durƙusawa su yi roƙo ba, in aikin da suka yi bai isa hujja ba, to a sallame su, amma Majalisa ce za ta yanke, ba ma'aikatar yaƙi ba. Dokar tsaro ta 1947 ta ambaci rundunar da aikinta, amma ba ta hana a yanke mata kuɗi ba. A Oktoba 1949 Janar Omar Bradley ya gaya wa Majalisa cewa a ganinsa ba za a ƙara yin babbar saukar soja daga teku ba. Zuwa tsakiyar 1950 mutanenta sun ragu zuwa wajen 74,000.

Cikin wannan hali ne wani ƙaramin kamfani, Republic, wanda aka fi sani da finafinan kaboyi masu araha, ya zo da shirin yin Sands of Iwo Jima, watau rairayin Iwo Jima. Rundunar ta buɗe masa barikinta na Pendleton a Kalifoniya, ta ba da sojoji da tankoki da jirage, ta ba da finafinan gaske na Tarawa da Iwo Jima aka sassaƙa su cikin wasan, har mai kallo ba ya iya rarrabe inda gaskiya ta tsaya wasa ya soma. Kanar David Shoup, wanda ya ja mayaƙa a Betio, ya fito da kansa, haka Schrier. Aka ɗauko ainihin tutar daga ma'ajiya, aka kuma kirawo Hayes da Bradley da Gagnon, aka nuna su na ɗan lokaci kaɗan ana miƙa musu ita. Allan Dwan ne ya shirya fim ɗin, aka fara nuna shi a Disamba 1949, wata biyu bayan maganar Janar Bradley.

John Wayne ne ya fito a matsayin Saja Stryker, mutum mai tsanani, wanda matarsa ta bar shi ta tafi da ɗansu, yana horon kurata ba sassauci har suka ƙi jininsa, sai da suka shiga wuta suka gane horon nan ne ya cece su. A ƙarshe, an ci dutsen, ya zauna zai kunna taba, wani maharbi da ya laɓe ya kashe shi. Yaransa suka sami wasiƙar da ya soma rubuta wa ɗansa bai gama ba, suka karanta, suka ɗaga kai suka ga tuta na tashi, ɗayansu ya ɗauki maganar sajan ya ja sauran suka ci gaba. Ginin labarin ke nan, kuma darasinsa a fili yake: mutum na mutuwa, runduna ba ta mutuwa, irin wannan saja kuwa babu inda ake ƙera shi sai a cikinta. Ba za a ce fim ɗin ba shi da kyau ba. Stryker mutum ne mai aibu, mashayi, mai kaɗaici, Wayne kuwa bai taɓa wasa mai kyau kamar wannan ba kafin nan sai kaɗan, shi ne ma karo na farko da aka sa sunansa cikin masu neman Oscar. Amma shi Wayne bai taɓa shiga soja ba. Yana da shekara 34 sa'ad da yaƙi ya tashi, aka ɗaga masa saboda iyali, ya zauna Holiwud. Duk da haka shi ya zama fuskar sojan ƙundumbala a idon duniya, mutanen da suka hau dutsen kuwa suka zama 'yan rakiya a cikin labarinsu.

Ba daidai ba ne a ce fim ɗin kaɗai ya ceci rundunar. Yaƙin Koriya ya tashi a Yuni 1950, ran 15 ga Satumba kuwa aka yi babbar sauka daga teku a Incon, irin wadda aka ce ba za a ƙara yi ba. Amma akwai shaidar irin ƙarfin da sunanta ya yi. A Agusta 1950 Truman ya rubuta wa wani ɗan Majalisa cewa 'yan ƙundumbala 'yan sandan sojan ruwa ne kawai, suna kuwa da injin farfaganda da ya kusa kai na Stalin. Da wasiƙar ta fita sai ƙasa ta ɗauka, har Shugaban ya nemi gafara a fili, abin da ya nuna maganarsa ta biyu ba ƙarya ba ce. A 1952 Majalisa ta yi doka cewa rundunar ba za ta kasa manyan rukunoni uku na ƙasa da uku na sama ba. Ran 10 ga Nuwamba 1954 aka buɗe babban gunkin tagulla na hoton Rosenthal a Arlington, Hayes na wurin. Bayan mako goma aka tsinci gawarsa a ƙasar Pima, a Janairu 1955, sanyi da giya sun kashe shi yana da shekara 32. Da Holiwud ta zo yin labarinsa a 1961, cikin The Outsider, Bature ta sa, Tony Curtis, aka shafa masa launi.

'Ya'yan Stryker

Yaran da suka kalli Saja Stryker a silima da talabijin su ne suka isa shiga soja a zamanin yaƙin Biyetnam. Ron Kovic ya faɗa cikin littafinsa na 1976 yadda fim ɗin ya kama zuciyarsa tun yana yaro. Ya shiga rundunar a 1964, a Janairu 1968 harsashi ya same shi ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa, ya komo ya zama ɗaya daga cikin masu ƙin yaƙin. Oliver Stone ya mai da littafin fim a 1989, Born on the Fourth of July. Kafin nan, a 1987, Stanley Kubrick ya yi Full Metal Jacket, wanda ya ɗauki ginin nan na horo sa'an nan yaƙi ya kife shi. Sajan fareti a nan, wanda R. Lee Ermey ya yi, shi kuwa tsohon mai horon kurata ne na gaske, ba ya ceton kowa: kurtun da ya matsa wa ya haukace ya harbe shi tun ba a bar bariki ba. Babban ɗan wasan kuwa yana ta kwaikwayon muryar John Wayne don ba'a. Kubrick bai sami taimakon sojan Amurka ba, a Ingila ya yi fim ɗin, wata tsohuwar masana'antar gas a Landan ta zama birnin Hue. Taimakon soja dama da sharaɗi yake zuwa, sai an ga rubutun labari an yarda. Ko Clint Eastwood, da ya yi Heartbreak Ridge a 1986 da taimakonsu, da suka ga yawan ashar da ke ciki janye goyon bayansu suka yi.

Eastwood ɗin ne ya komo kan Iwo Jima a 2006 da finafinai biyu. Na farko, Flags of Our Fathers, an gina shi a kan littafin da James, ɗan John Bradley, ya fitar a 2000, ya kuwa bi mutum ukun cikin zagayen neman rance, ya nuna yadda aka mai da su haja. A Aisilan aka ɗauki wuraren faɗan, don can ma akwai baƙin rairayi. Na biyun, Letters from Iwo Jima, shi ne ya fi, kuma ba a taɓa yin irinsa ba: babban fim na Amurka, da harshen Jafananci, an shiga cikin ramummukan an zauna da mutanen da finafinan farko ba su nuna ba sai a matsayin inuwa mai harbi. Ken Watanabe ya fito a Kuribayashi, mutumin da wasiƙunsa na gaske zuwa ga matarsa da 'ya'yansa suke cike da zancen gyaran gida da karatun yara, wanda kuma ba a sami gawarsa ba. Akwai Baron Nishi, wanda ya ci lambar zinariya ta tsallen doki a wasannin Olamfik na 1932 a Los Angeles, ya mutu a tsibirin yana kwamandan tankoki.

Duk da haka an sami mai ƙorafi. A 2008 Spike Lee ya zargi Eastwood da barin baƙaƙen fata a waje. Gaskiya ne ba su cikin masu kafa tuta, domin rundunar ba ta fara ɗaukar baƙar fata ba sai 1942, a wani bariki dabam da ake kira Montford Point, aikin da aka ba su kuwa dakon harsashi da kaya. Amma ɗaruruwansu sun sauka Iwo Jima, suna jan akwatunan albarushi cikin toka ana ruwan igwa, kuma a daren ƙarshe, wayewar 26 ga Maris, da Jafanawa wajen 300 suka fito suka auka wa tantunan matuƙan jirgin sama, suna cikin waɗanda suka tare su. Mai karatu a ƙasar Hausa ba zai rasa tuna wani abu mai kama da wannan ba. Wata guda kafin a sauka Iwo Jima, a Janairu 1945, rukuni na 81 da na 82 na sojan Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewa suka yi yawa a cikinsu, suka karɓe Myohaung a Bama daga hannun waɗannan Jafanawa. Abokin gaba ɗaya, shekara ɗaya, amma su ba su da Rosenthal, ba su da kamfanin Republic, ba su kuwa da wata majalisa da za su nemi yardarta.

Saura gyara biyu. Wasu mutum biyu masu sha'awar tarihi, ba malaman jami'a ba, Stephen Foley a Ailan da Eric Krelle a Amurka, suka zauna suna gwada hotunan da aka ɗauka a kan dutsen ran nan, suna duban ɗamara da jakar harsashi da naɗin ƙafar wando. Suka ga kayan mutumin da aka ce Bradley ne ba su yi daidai da kayan da Bradley ya sa a sauran hotunan ranar ba. Rundunar ta kafa kwamiti, a Yuni 2016 ta amsa cewa Bradley ba ya cikin hoton Rosenthal. Tutar farko ya taimaka aka kafa, jarumtakarsa kuwa ba ta ragu ba, don ya sami babbar lambar sojan ruwa saboda ceton wani da ya yi ana harbi. Wanda ke cikin hoton da ba a taɓa ambata ba Harold Schultz ne. A Oktoba 2019 aka sāke wani: wanda aka ɗauka Gagnon ne, ashe Kofur Harold Keller ne. Watau daga cikin mutum ukun da aka zaga ƙasa da su a 1945, aka miƙa musu tuta a fim ɗin 1949, aka kuma gina fim ɗin 2006 a kansu, Ira Hayes kaɗai ke cikin hoton, shi da ya fi kowa ƙin a ambace shi.

Keller ya koma garinsu a Iowa, ya rasu a 1979. Schultz an raunata shi a tsibirin, aka sallame shi, ya zauna Los Angeles yana aikin rarraba wasiƙu a gidan waya har ya yi ritaya, ya rasu a 1995, shekara 21 kafin a sa sunansa. Tutocin biyu suna ajiye a gidan tarihin rundunar a Bajiniya. Tsibirin kuwa an mayar wa Jafan a 1968, a 2007 kuma gwamnatinta ta komar da tsohon sunan da mazaunansa ke kiransa da shi kafin yaƙi, Iwo To.